Barmil Ɗaya Don Kambo Na Shida

Ranakun aiki da yawa sun fita daga kaina, amma ban taɓa mantawa da Asabar ɗin da Malam Hashimu ya kira ni daga kambo na shida ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kuna ganina a harabar taraktoci ina buɗe ƙofa ina rufewa. Wasunku sun taɓa tambayata yadda aka yi mai tsaron haraba ya san kowace iyaka ta gonakinmu na bayan Doka, ban amsa ba. Yanzu da hannuna ya fara sabawa da alƙalami, na ga gara in rubuta abin sau ɗaya in huta.

Sunana Ilyasu. Shekara goma sha huɗu na yi ina wakilin mashru'in Haj Bashir. Ga wanda bai san aikin ba, mashru'i shi ne babbar gonar da ake nomawa da tarakta, a shuka dawa da riɗi, a jira ruwan sama. Mai mashru'i yana zaune a Gadarif, wakili kuma shi ne ƙafarsa da idonsa a daji. Shi ke nemo ma'aikata, shi ke raba musu fili, shi ke tabbatar da cewa gari da man girki da ruwa sun isa kowane kambo, wato sansanin bukkokin ciyawa inda ma'aikatan ke kwana. Lokacin da ya fi kowane wuya shi ne yankan riɗi, cikin watan Oktoba. Idan riɗi ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka. Ka makara, kwanson ya buɗe, ƙwayar ta zube ƙasa, sai tururuwa da tsuntsaye. A wurinmu da lauje ake yankansa, mutum a sunkuye tun asuba, cikin zafin nan da ke biyo bayan ɗaukewar damina.

Kambo shida gare mu a lokacin. Biyar suna kusa da hafir, babban ramin da muke tara ruwan damina, har mutum yana iya zuwa da jarka a ka ya dawo. Na shida yana can ƙarshen fili, tafiyar rabin yini a ƙafa, ba rijiya ba komai. Tanka ce ke kai masa ruwa kowace safiya, barmil huɗu, wato duro huɗu. Saboda nisansa ba kowa nake sawa can ba, sai mutanen Malam Hashimu.

Malam Hashimu Bahaushe ne irinmu, daga wani ƙauye kusa da Gadambaliya, ya girme ni da 'yan shekaru. Tare muka yi yankan riɗi muna samari kafin in zama wakili. Duk shekara yakan zo mini da mutum talatin zuwa arba'in, 'yan'uwansa da surukansa da maƙwabta, babu takarda tsakaninmu. Nakan je gidansa idan riɗi ya fara fure, mu sha jabana, gahawar da ake dafawa a ɗan tulu, in ce masa bana ma na shida ne. Sharaɗinsa ɗaya ne kullum. Yakan ce in gari ya makara za su yi haƙuri, amma ruwa yana wuyana, ni Ilyasu, ba wuyan Haj ba. Ni kuma in ce na ɗauka. Masu mashru'i da yawa sun nemi su janye shi, bai taɓa tafiya ba.

Shekarar da abin ya faru, Haj Bashir ya kawo wani injiniyan kwamfuta mai suna Mu'tasim, wanda yaƙi ya koro daga Khartum da iyalinsa. Bashmuhandis muke ce masa, wato babban injiniya. Mutum ne mai ladabi, ya kusa shekara arba'in, yana kirana Ammi Ilyasu, wato Baffa Ilyasu. An ɗauke shi ya gina mana manhajar waya da za ta riƙe sunayen ma'aikata, ta nuna taswirar filaye, ta kuma gaya wa direban tanka barmil nawa zai sauke a kowane kambo. Dizal ya yi wuya a shekarar, kuma Haj ya daɗe yana zargin tanka na yawon da ba dole ba. Aka ce in zauna da Bashmuhandis a ofis na mako shida kafin yanka, tunda ni na san daji. A lokacin shekarata biyu ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar, ina iya karatu amma a hankali, ina bi da yatsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin a ce yau ni ne a kan kujera kusa da kwamfuta, fanka na kaɗa ni.

Bashmuhandis shi kaɗai ne, amma ba shi kaɗai ke rubuta manhajar ba. Yana da mataimaka na ƙirƙirarriyar basira a cikin kwamfutar, irin waɗanda za ka gaya wa abin da kake so da maganar yau da kullum, su kuma su rubuta. Ba ɗaya yake sawa ba, huɗu yake saki a lokaci guda, kowanne da tagarsa a fuskar kwamfutar, kowanne da nasa kwafin aikin don kada wani ya taka na wani. Na farko yana gina rajistar ma'aikata. Na biyu aikinsa tsabtace jerin sunaye. Na uku yana lissafin ruwa, ya duba mutum nawa ke kambo ya fitar da yawan barmil. Na huɗu yana kan taswira. Duk Alhamis Bashmuhandis ya ɗauki abin da kowanne ya gama ya haɗe su wuri ɗaya.

Kallonsa yana aiki kamar kallon mai shayin bakin kasuwa ne da butoci huɗu a kan gawayi. Wannan ya tafasa, kafin ya sauke shi wancan ya fara zuba. Duk mataimakin da ya gama sai ya rubuto dogon bayani na abin da ya yi. Bashmuhandis ya gangara da bayanin da sauri, ya rubuta masa tamam, wato ya yi daidai, ya ba shi sabon aiki, ya tsallaka taga ta gaba. Ni kafin in gama haɗa layin farko da yatsana shafin ya wuce. Yakan yi dariya ya ce aikin da da sai mutum biyar su yi wata shida a kansa, ga shi muna yi da ni da shi da waɗannan huɗun da ba sa fita fatur, wato karin kumallo, ba sa neman hutun Juma'a. Na ce masa irin waɗannan ma'aikatan Haj ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi. Muka yi dariya tare. Muna shiri sosai a lokacin.

A mako na biyu muka gwada rajistar, sai ta ƙi karɓar mutum biyu da lambar waya ɗaya. Na yi wa Bashmuhandis bayanin yadda mutanenmu ke yi. Mai zuwa yanka ba ya tafiya da wayarsa, a gida yake barinta wajen matarsa, saboda ita ce za ta nemi likita ko 'yan'uwa in wani abu ya taso, kuma a daji babu inda za a sa caji. Ƙungiya guda waya ɗaya ko biyu take tafiya da su. In ka tambayi mutum lambarsa, ta shugaban ƙungiyar zai ba ka. Ya yi mamaki, ya ce a Khartum ko yaron makaranta da tasa. Nan take ya juya taga ta farko ya rubuta wa mataimakin abin da na faɗa, cikin 'yan mintoci aka gyara. Da hannuna na shigar da mutanen Malam Hashimu, mutum talatin da takwas, da lambobi biyu, tasa da ta surukinsa.

Bayan kwana biyu Haj ya leƙo ofis ya ce a lura, a shekarun baya akwai masu rubuta suna a kambo biyu don su karɓi gari sau biyu. Bashmuhandis ya buɗe taga ta biyu ya ce wa mai tsabtace jerin ya cire duk wanda ya fito sau biyu. Bai gaya masa maganar wayoyi ba. Ni ma ina zaune a wurin ban ce ya gaya masa ba. A raina, maganar da na yi a cikin ɗaki, duk wanda ke ɗakin ya ji ta. Haka na saba. In na tsaya a bakin gona na yi magana, direbobi huɗu duk sun ji. Ban gane cewa waɗannan huɗun, ko da yake a fuska ɗaya nake ganinsu, kowanne a ɗakinsa yake da ƙofa a rufe ba.

Ranar Talata ta makon ƙarshe aka buga mini jerin sunayen daga rajista, aka ce in duba in sa hannu. Na ɗauki yini guda ina bi suna suna. Kambo na shida, talatin da takwas, babu wanda ya ɓace. Na sa hannu da cikakken sunana, ba dangwale ba, karo na farko a takardar aiki. Ranar Alhamis Bashmuhandis ya haɗe aikin mataimakan huɗu kamar yadda ya saba, a ranar ne aikin mai tsabtace jerin ya shiga. Babu wanda ya sake buga jerin bayan haɗewar.

Ranar Juma'a da safe lori ta kwashi ma'aikata zuwa daji. Ni ya kamata in hau gaba, amma taswira ba ta ƙare ba, mataimaki na huɗu yana ta ɗora iyakarmu a kan gonar maƙwabci, sai Haj ya ce in ƙara kwana uku a gari in gyara musu. Karo na farko ke nan cikin shekara goma sha huɗu da aka fara yanka ba ni a fili. Direban tanka kuma sabo ne, Usman, bai san kowa ba. A gabana Haj ya gaya masa cewa abin da waya ta nuna shi zai sauke, in ya ƙara ko barmil ɗaya da ra'ayinsa ya ajiye makulli.

Ranar Asabar wajen ƙarfe goma sha ɗaya, mun gama fatur ke nan, wayata ta yi ƙara. Malam Hashimu ne. Na san sai da ya taka zuwa wani tudu mai nisa da kambon kafin ya sami layi, don nan kaɗai ake samu. Bayan gaisuwa ya ce, "Wakil, barmil ɗaya aka sauke mana jiya, yau ma ɗaya. Na yi wa direban magana ya ce haka aka rubuta masa." Na ce ya tsaya a wurin, zan kira shi yanzu.

Na gaya wa Bashmuhandis. Yana tsakiyar fama da taswira, amma ya juya taga ta uku ya ce wa mai lissafin ruwa ya sake duba aikinsa. Ya duba ya amsa cewa lissafinsa daidai ne, ruwan da aka fitar ya dace da yawan mutanen da ke cikin jerin. Sannan Bashmuhandis ya buɗe mini shafin tanka. A gaban kowane kambo akwai koriyar alama, ma'ana direba ya sauke duk abin da aka ce ya sauke. Shafin ba ya nuna barmil nawa ne, alamar kawai. Na ce to barmil nawa aka ce ya sauke? Ya ce wannan daga jerin yake fitowa kai tsaye.

"Jerin da ka sa wa hannu ne, Ammi Ilyasu," in ji shi. "Ko akwai wanda ka manta?"

Babu wanda na manta, na kuma san haka. Na kira Usman, wayarsa ba ta shiga. Haj yana wucewa ta ƙofa ya ji maganar, ya ce abin da aka saba ne, sun ga an ɗaure tanka shi ya sa suka fara kuka, in aka ba su ƙari yau gobe kowane kambo zai kira. Na zauna ina kallon koriyar alamar. Talatin da takwas na shigar da hannuna, kwamfuta ta ce lissafi daidai, direba ya ce ya sauke. Sai na fara gaya wa kaina cewa bana akwai sababbin mutane a ƙungiyar, wataƙila suna ɓarnar ruwa, Malam Hashimu kuma ya ƙara gishiri don a tausaya musu. Mutumin da shekara goma sha huɗu bai taɓa gaya mini abin da ba haka yake ba.

Na kira shi. Yana nan a kan tudun, cikin rana, yana jirana. Na ce, "Yaya, na duba. An kai muku cikakken ruwanku, yana nan a rubuce. Ka ce wa mutanenka su rage wanka."

Sannan ya ce, "To, Wakil." Ya kashe.

Ranar Lahadi bai kira ba, na ɗauki shirun a matsayin an daidaita. Daga baya na ji cajin wayoyin biyu ne ya ƙare. Amma "To, Wakil" ɗin nan ta ƙi barin kunnena, don in muna mu biyu Ilu yake ce mini. Ranar Litinin da sassafe ban nemi izinin kowa ba na ɗauki boksin mashru'i, ƙaramar motar ɗaukar kaya, na kama hanyar Doka. Na isa kambo na shida rana na tsaka.

Babu kowa a cikin riɗi. Mutane suna kwance a ƙarƙashin rumfa, wasu a bayan bukkoki suna riƙe da ciki. Barmil ɗaya ne kawai a wurin da aka saba ajiye huɗu, an kwantar da shi an tatse. Kwana uku suna raba duro ɗaya tsakanin mutum talatin da takwas, sha da tuwo da alwala, suna kuma yanka. Ranar Asabar da yamma da abin ya fi ƙarfinsu suka samo wani kududdufi da damina ta bari, wanda shanu suka bi ta ciki, suka tace da rawani suka sha. Mutum goma sha ɗaya gudawa da amai suka kama. Wanda ya fi jin jiki shi ne Malam Sale, wan Malam Hashimu, dattijo ne da ya kusa sittin. Idonsa ya faɗa ciki, in an kira shi ba ya amsawa sosai.

Ina tsaye tanka ta iso, ta makara a ranar. Na tare Usman na ce ya nuna mini wayarsa. Na karanta da kaina, ba da yatsa ba ma, don gajere ne: kambo na shida, mutum biyu, barmil ɗaya. Ya ce tun ranar farko ya ga mutanen sun fi ƙarfin duro ɗaya, ya rubuta a wurin koke na manhajar, babu wanda ya amsa, sai ya riƙa bar musu jarka biyu na ruwan shansa. Ya ce sauran kambon ma an rage musu, amma su hafir na kusa, suna zagi suna ɗebowa da kansu. Na ce ya juye duk abin da ke tankar a nan, in Haj ya tambaya ya ce ni ne.

Na ɗauki Malam Sale da mutum huɗu zuwa asibitin Doka. Malam Hashimu ya hau baya ya ɗora kan wansa a cinya. Na ce ya dawo gaba akwai wuri, ya ce nan ma ya isa. Daga asibiti muka dawo kambo. Washegari ƙungiyar ta naɗe tabarminta, suka tari wata lori da ke komawa gari. Na bi su har bakin hanya ina ba da haƙuri, ina cewa ruwa ya dawo huɗu, har biyar in suna so. Suka gaishe ni da ladabi ɗaya bayan ɗaya suka hau. Kafin in samo wasu mutane, riɗin na shida ya buɗe, fiye da rabinsa ya zube.

Ranar Laraba na koma ofis. Bashmuhandis bai yi awa guda ba ya gano inda abin yake. Mataimaki na biyu, da aka ce ya cire wanda ya fito sau biyu, ya duba ya ga sunayen mutanenmu suna yawan kama da juna, sai ya zaɓi lambar waya ta zama abin rarrabewa. Duk inda ya ga lamba ɗaya a gaban mutane da yawa ya bar na farko ya share sauran. Daga talatin da takwas ya bar Malam Hashimu da surukinsa. Mataimaki na uku ya karɓi biyu ya yi lissafinsa a kan biyu, kuma lissafin daidai ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na biyun bai ɓoye ba. A ƙarshen dogon bayaninsa na ranar akwai layi biyu. Na ce Bashmuhandis ya tsayar da shafin in karanta da kaina, wannan karon ya tsayar. An rubuta cewa ya ɗauki lambar waya ɗaya a matsayin mutum ɗaya, idan ba haka ake yi a wurinmu ba a sanar da shi kafin a haɗe. A ƙasa ga amsar Bashmuhandis: tamam, ci gaba. Ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya ce a daidai wannan lokacin taswira ta lalace, hankalinsa yana taga ta huɗu. Wurin koken da Usman ya rubuta kuwa, an gina inda ake rubutawa, ba a kai ga gina inda ake karantawa ba, an bar shi sai Alhamis mai zuwa. Gyaran duka, shayin da aka kawo mana bai huce ba aka gama shi.

Da yamma Haj ya kira mu biyu. Ya tambayi wanda ya jawo masa asarar na shida. Na jira Bashmuhandis ya faɗi abin da muka gani tare da safe. Ya kalli ƙasa ya ce tsarin ya yi aiki da bayanin da aka ba shi, sai dai bayanin da ya zo daga daji bai isa ko'ina ba. Ba ƙarya ya yi ba, amma duk wanda ya ji ya san wane ne mai kawo bayani daga daji. Haj ya jawo takardar Talata ya nuna mini sa hannuna. Na ce ranar Talata na sa hannu, ranar Alhamis aka haɗe, abin da na duba ba shi aka ba direba ba. Bai gane ba, ko bai so ya gane ba. Ya ce shi wakili ya ɗauka mai ƙafa, me ya hana ni tafiya ranar Asabar? Na ce shi ya ce in zauna, kuma a gabansa aka yi maganar.

"Na ce ka zauna," in ji shi, "ban ce ka ƙaryata mutuminka ba."

Na so in ce shi ya fara ƙaryata shi a bakin ƙofa. Ban ce ba, don ba muryarsa Malam Hashimu ya ji a waya ba. A makon aka ba wani wakilci, ni aka dawo da ni haraba. Bashmuhandis ba a taɓa shi ba, masu mashru'i uku suna jiran a kai musu manhajar. Bayan kwanaki ya same ni a bakin ƙofar haraba ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, ya ce yana da 'ya'ya huɗu a ɗaki ɗaya na aro, in ya rasa wannan aikin bai san inda zai kai su ba. Na ce na gane, kuma na gane ɗin. Muna gaisawa har yau. Na ji yanzu mataimaka shida yake saki.

Bayan an gama girbin dawa na sayi sukari da gahawa na tafi ƙauyen Malam Hashimu. Ya karɓe ni kamar kullum, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo jabana. Malam Sale ya fito ya gaishe ni yana dogara sanda. Ya rayu, amma likita ya ce ƙodarsa ta taɓu, ya bar aikin rana har abada. Na yi musu bayanin komai, tagogi huɗu, lambobi biyu, layin da ba a karanta ba. Malam Hashimu ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce shi bai san kwamfuta ba, kuma ba shi da rigima da ita, don ba ita ta zauna a wannan tabarmar ta ce ta ɗauka ba.

"Da ka ce mini ba ka sani ba, Ilu, da mun ajiye lauje mun tako zuwa hafir tun ranar Asabar," ya ce. "Amma ka ce an kawo. Sai na koma na ce wa mutane su daure, wakil ya duba, gobe za a gyara. Kuma ka ce mu rage wanka. Sale da ƙasa yake taimama a lokacin."

Ya ce ya yafe tsakaninsa da Allah, ya raka ni har bakin hanya. Da riɗi ya sake fure ya kai mutanensa wani mashru'in a wajen Gadambaliya. Kambo na shida tun daga shekarar ba a sake samun ƙungiyar da ta zauna a cikinsa har ƙarshen yanka ba.

Abin da na koya ba wai waɗannan mataimakan ba su da amfani ba ne. Suna da sauri, ba sa gajiya, kuma a cikinmu duka wanda ya tsaya ya yi tambaya a kan lokaci ɗaya ne daga cikinsu. Amma ku da kuka yi aikin tarakta kun san in an saki huɗu a fili ɗaya, kowacce za ta gama layinta tsaf, sai a bar siririyar ƙasa tsakaninsu da ba a nome ba, wadda ba ta kowa ba ce. Dole wani ya bi ta da ƙafa. Mutum ɗaya ba zai iya tuƙa huɗu ya kuma bi tsakaninsu ba, komai iliminsa, kuma masu gida ba sa son jin wannan, saurin kawai suke gani. In abu ya lalace kuma ba za su nemi wanda ya yi kuskure ba, wanda ya fi sauƙin sauyawa za su nema.

Wannan nasu ne. Nawa kuma na sani. Don haka ku sababbin wakilai, in an ba ku takarda ku sa hannu, ku tambaya ko ita ce za ta isa hannun direba ko akwai wata bayanta. In kuma mutum ya taka cikin rana ya hau tudu don ya gaya muku ba shi da ruwa, kada ku buɗe kwamfuta ku tambaye ta ko gaskiya ne. Ku cika tanka ku tafi, ku yi binciken a can, kuna tsaye a gaban duron.